Fitilar cek-inji ta ƙi mutuwa, ta baƙin mai kuma tana ƙyaftawa: wacce ce abar tsoro?

"Assalamu alaikum Malam. Motata mai fetur ce, ƙirar 2009, ta ci sama da kilomita dubu 200. Wata guda ke nan da wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a dashbod. An jona na'ura an goge ta, bayan kwana uku ta dawo. Wani ya ce a cire ƙwan kawai, tunda motar lafiya lau take tafiya. Akwai kuma wata 'yar jar fitila mai kama da buta da ke ƙyaftawa in na tsaya a silo bayan doguwar tafiya, amma da na taka totur sai ta ɗauke, shi ya sa ban damu da ita ba. Na duba baƙin mai, a cike yake. Yaya fitilun nan suke aiki ne, kuma me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam. Tambaya biyu ka haɗa, Malam: yadda fitilun ke gane akwai matsala, da kuma wacce za ka fara bi cikin biyun nan. Ta biyun ba ta jira, don haka da ita zan fara. Fitilar da ka raina ita ce mai haɗari. Wadda ta tsaya maka a rai kuwa tana iya jiran mako guda ba tare da wani abu ya faru ba. Kada ka sake yin doguwar tafiya da motar nan sai an auna ƙarfin baƙin mai da gej na hannu, wato agogon awon matsi da mai gyara ke ɗaurawa a jikin inji. Dalilin haka zai fito fili in ka san abin da ke bayan kowace fitila.

Abin da ke bayan gilashin dashbod

Kowace fitila ƙarshen wata sarƙa ce. Akwai abin da ake aunawa, kamar ƙarfin mai ko zafin ruwa ko gudun taya. Akwai sensa mai mayar da wannan awo ya zama wutar lantarki. Akwai wayar da ke ɗauko saƙon, da kuma abin da ke yanke hukunci a kunna fitila ko a bar ta. In fitila ta kama, abin da ta tabbatar kawai shi ne wani wuri a sarƙar nan ba daidai yake ba. Yana iya zama ainihin abin da ake aunawa, yana iya zama sensar da kanta, yana iya zama waya da ta goge ta taɓa ƙarfe ko soket da ya yi tsatsa. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma fitila ba ta faɗa maka abin da aka zuba a cikinsa.

Fitilun iri biyu ne ta fuskar yadda suke yanke hukunci. Akwai masu sauƙi, waɗanda makunni ɗaya tak ke juya su: ta ƙarfin mai a yawancin motoci, ta birkin hannu, ta man birki, ta ƙofa. Waɗannan ba sa tunani, ba sa jinkiri, ba su da ajiyar komai. Abin da ke faruwa a daƙiƙar nan shi suke nunawa. Sai kuma waɗanda kwamfuta ke kunnawa bayan ta yi gwaje-gwajenta: cek-inji, ABS (tsarin da ke hana taya daskarewa in an taka birki da ƙarfi), jakar iska, iskar taya, sitiyarin lantarki. Su waɗannan sukan jira su tabbatar, sukan rubuta abin da suka gani su ajiye, kuma sukan ci gaba da haske ko da matsalar ta lafa na ɗan lokaci. Fitilunka biyu, ɗaya daga nan take, ɗaya daga can.

Launi kuma yana da ma'anar da kamfanoni suka yi tarayya a kai, siffofin ma galibi suna bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 2575. Ja na nufin haɗari ga rai ko ga inji: nemi wuri ka tsaya. Ruwan ɗorawa ko ruwan lemo na nufin wani tsari ya samu matsala ko ya daina aiki, a duba ba da jimawa ba. Kore da shuɗi labari kawai suke bayarwa, kamar sigina da babbar fitila.

Wani abu da mutane ke wucewa ba sa lura: in ka murɗa makulli zuwa matakin da dashbod ke kawo wuta, ba tare da ka tayar da inji ba, fitilun duka suna kamawa. Gwajin ƙwai ke nan. Ta jakar iska da ta ABS sukan mutu da kansu bayan 'yan daƙiƙoƙi ko inji bai tashi ba. Ta mai, ta batir da ta cek-inji kuwa sai inji ya tashi suke mutuwa. Fitilar da ba ta kama ba a wannan lokaci, ko dai ƙwanta ya ƙone ko an cire shi ko an rufe shi. Ga mai sayen mota ta hannu wannan gwaji na daƙiƙa goma ya fi zagaya motar sau biyar. In kuma ka ga fitilar jakar iska ba ta mutuwa sai daidai lokacin da ta mai ta mutu, ka yi zargin an haɗa wayoyinsu ne don a ɓoye matsala.

Jar fitilar mai

Ka ce ka duba mai yana cike. Ka yi daidai, amma jar butar nan ba yawan mai take aunawa ba. Ƙarfin turinsa take aunawa, wato matsin da yake da shi a cikin hanyoyin inji. Wasu motoci suna da fitila dabam ta yawan mai, ruwan ɗorawa, mai layi kamar igiyar ruwa a ƙarƙashin butar. Ja dai ta matsi ce.

Ga yadda take aiki. A jikin inji, sau da yawa kusa da filtar mai, akwai ɗan makunni da aka ɗaure a kan babbar hanyar mai, galibi da waya ɗaya. A cikinsa akwai 'yar fata mai lanƙwasa da sifirin. In babu matsi, sifirin yana haɗa wayar da jikin inji, wuta ta samu hanya, fitila ta kama. Da famfon mai ya tura, matsin ya danne fatar ya raba mahaɗar, fitila ta mutu. A motoci da yawa ana saita shi ne wajen bar 0.3 zuwa 0.5, wato kusan psi 4 zuwa 7 (bar da psi ma'aunan matsi ne). Wannan adadi ƙanƙane ne ƙwarai. Lafiyayyen inji mai zafi yakan ba da bar ɗaya ko fiye a silo, ya kai bar 3 zuwa 4 in an taka shi. Ke nan kafin fitilar nan ta ƙyafta, matsin ya riga ya faɗi ƙasa sosai. Ba ta yin gargaɗi da wuri, sai abu ya kai maƙura take magana.

To me ya sa sai a silo, kuma sai bayan doguwar tafiya? Domin inji ne ke juya famfon mai, yawan man da yake turawa yana bin gudun inji. A silo, juyi 650 zuwa 800 a minti, shi ne mafi ƙarancin turi. Matsi kuma yana samuwa ne saboda man yana shan wahala kafin ya kurɗa ta 'yan tazarar da ke tsakanin karanshaf (babban sandan da ke juyawa a cikin inji) da ƙarafan metal da yake juyawa a kansu, tazarar da a sabon inji ba ta wuce kusan milimita 0.02 zuwa 0.05 ba. In mai ya yi zafi sai ya tsinke, ya riƙa wucewa cikin sauƙi. In metal ya cinye, tazarar ta buɗe, sai ya ƙara samun hanyar zurarewa. Mai mai zafi, inji a silo, tazara ta buɗe: nan ne matsi ke kaiwa ƙasansa. Da ka taka totur famfo ya ƙara turi, matsin ya haura saitin makunnin da kaɗan, fitila ta ɗauke. Ɗaukewarta ba ta nuna matsin ya kai yadda ya kamata ba, ta nuna kawai ya haura rabin bar.

Wannan ba ya nufin lallai injinka ya gama yawo. Abubuwan da ke kawo irin wannan ƙyaftawa, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, su ne makunnin da kansa ya gaji (in ka ga mai yana tsattsafowa ta soket ɗinsa, ya mutu), wayarsa ta goge tana taɓa jikin inji, an zuba man da bai kai kaurin da kamfani ya rubuta ba ko man ya daɗe ya tsinke, filta marar kyau, silo ya yi ƙasa fiye da ƙima, rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta a ƙasan inji ta toshe da dattin mai, bawul ɗin da ke rage matsi ya maƙale a buɗe, sannan famfon ko metal sun cinye. Ba a raba waɗannan da ido ko da kunne. Gani ya kori ji: a kwance makunnin, a ɗaura gej na hannu a gurbinsa, a bar inji ya yi zafi sosai har fanka ta tashi sau ɗaya ko biyu, a karanta a silo, a sake karantawa a juyi 2,000 da 3,000. Awon da aka yi da inji mai sanyi ba shi da amfani, domin mai mai sanyi yana ba da matsi mai kyau ko a injin da ya gaji. Adadin da ake nema yana cikin littafin gyaran motar. In babu shi a kusa, masu gyara suna da ma'auni na kusa-kusa: kusan bar 0.7 ga kowane juyi 1,000.

In gej ya nuna matsi mai kyau, canza makunni, magana ta ƙare. In ya nuna ƙasa a silo amma yana hawa daidai, a fara da canza mai da filta zuwa abin da kamfani ya ce, a sake aunawa. In ya nuna ƙasa ko'ina, ko allurar tana rawa in an taka, a sauke kaskon mai a duba rariya da metal. Za a samu mai ba ka shawarar zuba mai mai kauri sosai don fitilar ta yi shiru. Yakan sa ta yi shiru, amma tazarar da ta buɗe tana nan, kuma da safe man mai kauri yakan yi jinkirin isa saman inji. Ina ɗaukar wannan a matsayin dabarar lallaɓa tsohon inji zuwa ranar gyara, ba gyaran ba. In kuwa wata rana fitilar ta kama ta tsaya cak kana cikin gudu, ka sauka gefe ka kashe inji nan take. Karanshaf da ke juyawa babu mai a ƙarƙashinsa mintoci kaɗan yake buƙata ya buga.

Fitilar cek-inji da dalilin dawowarta

Wannan labarinta dabam ne. Asalinta fitilar hayaƙi ce. An wajabta tsarin da ake kira OBD-II a kan motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga 1996, Tarayyar Turai kuma ta wajabta irin nata a kan motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Dokar ta ce kwamfutar inji ta riƙa sa ido kan duk abin da lalacewarsa zai ƙara gurɓataccen hayaƙi, ta kunna fitila, ta ajiye lambar matsala da kowace na'urar bincike za ta iya karantawa ta soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin dashbod wajen direba. Shi ya sa fitila ɗaya ke wakiltar ɗaruruwan matsaloli, daga murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba har zuwa silindar da ta daina cin wuta. Shi ya sa kuma mota ke iya tafiya lafiya lau alhali fitilar na kunne: yawancin abin da take ƙorafi a kai direba ba ya jin sa a ƙafarsa.

Kwamfutar tana gwaji iri-iri. Wasu a kowane lokaci, kamar duba ko wayar sensa ta tsinke ko ta haɗu da wata. Wasu kuma sai sharuɗɗa sun cika: inji ya yi zafi, an yi tafiya a gudu ɗaya na wasu mintoci, fetur a tanki bai cika maƙil ba kuma bai kusa ƙarewa ba. Ga yawancin matsaloli ba ta kunna fitila a karon farko. Takan rubuta lambar a matsayin mai jiran tabbaci, sai gwajin ya sake faɗuwa a tafiya ta gaba sannan ta kunna. Ga amsar kwana ukunka nan. Gogewar da aka yi ba ta taɓa matsalar ba, ta share ajiyar kwamfuta ne kawai, ta mayar da gwaje-gwajen farko. Kwana ukun shi ne lokacin da motar ta ɗauka kafin ta samu sharuɗɗan gwajin sau biyu. An bar jaki ana dukan taiki. Da a ce an gyara abin da gaske, ko ba a goge ba fitilar za ta mutu da kanta bayan tafiya uku a jere da gwajin ya ci, lambar kuma ta share kanta bayan inji ya yi zafi ya huce sau 40.

Gogewa ba tare da rubutawa ba tana da wata hasara. Lokacin da kwamfuta ta kama matsala takan ajiye hoton halin da inji ke ciki a daƙiƙar: gudun inji, gudun mota, zafin ruwa, nauyin da ke kan inji, da yawan gyaran da take yi wa fetur. Wannan shi ne mafi darajar abin da mai gyara zai samu, kuma gogewa tana tafiya da shi. Tunda fitilar ta dawo, hoton ya dawo. Wannan karon ka ce a karanta maka lambar da hoton, ka rubuta ko ka ɗauka da waya, kafin kowa ya danna gogewa.

Lambar harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne, C na birki da ƙafafun mota, B na jikin mota kamar jakar iska, U na sadarwa tsakanin kwamfutoci. In alƙalamin farko 0 ne, ma'anar ɗaya ce a duk motoci. In 1 ne, ta kamfanin ce, sai an duba littafinsa. Abin da za ka riƙe shi ne lamba tana faɗin gwajin da ya faɗi ne, ba kayan da za a saya ba. Ɗauki P0171, wadda ke cewa iska ta rinjayi fetur a cakuɗar. Sensar iskar oksijin da ke kan salansa ce ta kawo rahoton, don haka sau da yawa ita ake fara canzawa, alhali gaskiya ta faɗa. Mai laifin yakan kasance robar iska da ta tsage bayan sensar da ke auna iskar shiga, ko ita sensar shigar ta yi datti, ko famfon fetur ya yi rauni, ko nozul sun toshe. Ana rarrabewa ta kallon yawan gyaran fetur a na'ura. A lafiyayyen inji gyaran ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. In gyaran ya yi yawa a silo ya ragu da aka taka totur, iska ce ke satar shiga. In a silo daidai yake amma ya ƙaru da aka taka, fetur ne ba ya isa ko sensar iskar shiga tana rage awo.

Haka P0420, mai cewa katalis, matatar da ke cikin salansa, ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Wani lokaci ya gaji da gaske, wani lokaci salansa ce ta huje kusa da sensa, kuma in ya mutu ɗin ma sai a tambayi abin da ya kashe shi, in ba haka ba sabon zai bi sahunsa. P0455 babban yoyon tururin fetur ne, a fara da murfin tanki da robarsa. P0128 na nufin inji ba ya kaiwa zafin aiki da wuri, galibi tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, ya maƙale a buɗe ko an cire shi. P0300 tsallen wuta ne, wato fetur ba ya kamawa kowane lokaci, a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna silindar da abin ya shafa. Nan gwajin mai sauƙi ne: a musanya koyil ɗin silindar da na maƙwabciyarta, in lambar ta bi koyil an gano, in ta tsaya a duba fulogi, nozul, da matsin silinda.

Bambanci ɗaya ne dole kowane direba ya sani. Cek-inji da ta tsaya cak tana ba ka lokaci. Wadda ke ƙyaftawa ba ta bayarwa. Ƙyaftawa na nufin silinda tana tsallen wuta sosai, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin katalis yana ƙonewa a can, zafin yana iya narkar da abin da ke cikinsa. In ka ga haka ka sassauta ƙafa, ka rage gudu, ka tsaya da zarar ka samu wuri. Wannan kaɗai ya isa ya rusa shawarar cire ƙwai. Fitilar ɗaya ce, in ka makantar da ita saboda ƙaramar matsalar yau, ranar da babba ta zo babu mai faɗa maka. A motar 2009 ma da wuya ƙwai ne da ake murɗewa, galibi 'yar fitila ce da aka liƙa a allon mita, cire ta sai an farke allon.

Akwai kuma yiwuwar fitilunka biyu suna da alaƙa, kuma wannan ne ya sa nake son ka san lambar kafin komai. Injina da yawa na wancan zamani suna amfani da matsin baƙin mai wajen sauya lokacin buɗe bawul. In matsi ya yi ƙasa ko man ya yi datti, tsarin ba ya kaiwa inda kwamfuta ta umarce shi, sai ta rubuta lamba irin P0011. Ta ɗaya gefen kuma, silinda mai tsallen wuta ko nozul mai ɗiga yana sa fetur ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, ya kuma sa silo ya yi ƙasa. Zaro sandar gwajin mai ka shinshina. In kana jin ƙaurin fetur, ko man ya haura alamar cika alhali ba ka ƙara ba, to cikar da ka gani ba ta alheri ba ce.

Sauran fitilun a taƙaice

Jar fitila mai siffar batir ba lafiyar batir take faɗa ba, caji take faɗa. A tsohon tsari ƙwan yana tsakanin wutar makulli da wata ƙafa ta altaneta, na'urar da ke cajin batir. Kafin inji ya tashi gefe ɗaya ne ke da wuta, sai ya kama. Da altaneta ta fara bayarwa, gefen biyu suka daidaita, sai ya mutu. Ta cikin ƙwan nan ne altaneta ke samun 'yar wutar farawa, har ƙonewarsa kan hana wasu tsofaffin motoci caji. Batir mai cike yana nuna kusan volt 12.6 in mota na kashe, 13.5 zuwa 14.7 in inji na aiki. In fitilar ta kama kana tafiya, kashe na'urar sanyaya da duk abin da ba dole ba ka nufi wurin gyara. Amma in ta kama tare da sitiyari ya yi nauyi ko allurar zafi ta fara hawa, bel ne ya tsinke, kuma a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa. Tsaya.

Ta zafi ja ce, mai siffar ma'aunin zafi a cikin ruwa. Inji yana aiki ne tsakanin digiri 85 zuwa 105, murfin lagireto kuma yana riƙe matsin kusan bar ɗaya don kada ruwan ya tafasa. Buɗe shi da zafi yana sa ruwan ya tafasa nan take ya watso, a jira aƙalla rabin awa. Wata yaudara a nan ita ce in ruwan ya zube gaba ɗaya, sensar tana iya zama a cikin iska ta nuna zafi ya sauka alhali inji yana gasuwa.

Jar fitilar birki abu biyu ko uku ke kunna ta: birkin hannu bai sauka duka ba, man birki ya yi ƙasa, ko matsala a rabon birki tsakanin gaba da baya. Man yana sauka a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, don haka a duba su kafin a ƙara mai. In ya sauka da sauri, yoyo ne, kada a tuƙa. Ta ABS ita kaɗai na nufin birki yana kamawa amma taya na iya daskarewa in aka taka da ƙarfi, kuma mafi yawan lokuta sensar gudun taya ce ko wayarta ko datti a zoben da take karantawa. In ta kama tare da jar ta birki, a ɗauke ta kamar ja.

Ta jakar iska in tana kunne, ka ɗauka jakar ba za ta buɗe ba a haɗari. Soket ɗin ƙarƙashin kujera da wayar da ke naɗe a bayan sitiyari su ne suka fi kawo ta. Wayoyinta ruwan ɗorawa ne, ba a taɓa su da mitar awo ko fitilar gwaji, domin 'yar wuta kaɗan tana iya tayar da jakar. Ta iskar taya takan kama in iska ta ragu da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari daga abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. In ta yi ƙyaftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya, tsarin ne ya samu matsala, galibi batirin sensar da ke cikin taya ya ƙare. Mai siffar sifana kuwa lissafin kilomita ko watanni kawai take yi don tuna maka lokacin canza mai.

In fitilu biyar ko shida suka kama a lokaci ɗaya, ba abubuwa shida ne suka lalace ba. Kwamfutocin mota suna magana da juna ta tagwayen waya da ake kira CAN, kuma suna dogara da bayanan juna: sensar taya ɗaya in ta mutu tana iya kunna ABS, ta hana santsi, da ta sitiyari. Raunin batir, kan batir da ya yi gishiri, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota ta saki, su ma suna rikita su gaba ɗaya. A fara da awon wuta kafin a zargi kwamfuta.

Daga nesa ba zan iya ce maka ga abin da ya lalace a motarka ba, domin alƙaluma biyu da za su yanke hukunci suna jikin motar: lambar da kwamfuta ta ajiye, da abin da gej zai nuna in mai ya yi zafi. Siffofi da saitin wasu fitilu ma suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, littafin motar shi ke da magana ta ƙarshe a kan wannan. Ka kai ta wurin gyara mafi kusa, ba tare da gudu ba, a karanta lambar da hotonta a rubuta, a bar inji ya yi zafi a ɗaura gej, a karanta a silo da juyi 2,000 da 3,000, a shinshina man. In ka turo min lambar da alƙaluman gej ɗin guda uku, tare da kaurin man da aka zuba da kilomitar da ya yi, sai mu ga ko makunni ne za a canza ko kaskon mai za a sauke.